Dusar Injinmu da Tiyatar Baban Rahila

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ni ce Saratu, Maman Rahila, mai injin niƙa a bayan Ƙofar Durbi. Ga maigidana can a layin dattawa yana sunkuyar da kai. Shi ya ce in faɗi komai, don haka ba zan rage ba.

Injin nan shi ne gonarmu, shi ne albashinmu. Da shi muke ci, da shi yara ke makaranta. Masu ƙosai da masu awara na unguwarmu, in bai tashi ba, su ma ranar ba su da kasuwa.

Da matan unguwa suka kafa asusun lafiya, wanda kowane gida ke zuba ɗan abu duk wata domin ranar ciwo, na kawo wa Baban Rahila maganar. Ya ce, "Mutum da lafiyarsa ya biya kuɗin ciwo? Wannan kiran ciwo ne, kuma rashin bangaskiya ne. Kada in ƙara ji." Bai tsaya a gida ba, har a taron maza ya maimaita.

Ni kuwa na ga abin da ciwo ya yi wa maƙwabta. Tela ya sayar da kekensa, mai shago ya cinye jarinsa a gadon asibiti. Sun warke, amma har yau ba su miƙe ba. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba.

Kun san a sana'armu dusa da sharar gari na ƙarƙashin inji rabon matar gida ne. Maƙwabciyata Hajiya Rabi tana kiwon raguna, ita ce kuma uwar asusun. Sai muka shirya: ina kai mata dusa, tana zuba mana kuɗin wata. Da aka nemi hoton maigida na katin asusun, na ɗauko hoton aurenmu na sa almakashi na yanko shi. Na ɓoye katin a ƙasan kwalla, na yi shiru.

Ran nan da hantsi yana cikin niƙa, sai ya dafe ciki ya durƙushe. A asibiti likita ya ce afendis ne, ciwon 'yar hanjin nan, ya kusa fashewa, tiyata yau ba gobe ba. Maigida yana gumi, ya kama hannuna ya ce, "Je ki kira Malam Sani dillali. A kwance injin a sayar."

Wayyo 'yan'uwa! Ga magani a ƙasan kwalla, ga bakina ya ƙi buɗuwa. Na san halin mijina. In ya kafe, ko jaki ya sallama masa. Ina tsoron in nuna katin ya ce ya fasa tiyatar, ya gwammace ya mutu da a ce ya karya maganarsa.

Na koma gida. Malam Sani ya zo da sifana da mai kura, ya zagaya injin yana taɓe baki kamar an kawo masa mushe. Ya durƙusa ya fara kwance ƙusar farko.

Na ce ya ɗan dakata. Na shiga bayan buhuna na zube a kan gwiwoyina. Na ce, "Ya Yesu, in na yi laifi da na ɓoye, ka gafarta mini. Amma ga ran mijina, ga abincin 'ya'yana, kada ka bar ni in zaɓi ɗaya. Ka ba ni baki, shi kuma ka ba shi kunne."

Ban rufe baki ba na ji sallamar Hajiya Rabi. Ta dubi sifana, ta dube ni.

"Maman Rahila, mi nike gani haka? Duk dusar da ragunana suka ci, ta mi ce?"

Na ce, "Hajiya, ba zai yarda ba."

Ta ce, "Ke kin tambaye shi? Malam Sani, don Allah maida ƙusar nan. Ke kuma ɗauko katin mu tafi, ni in tsaya maki bakin ƙofa."

A asibiti na shiga ɗakin marasa lafiya. Na durƙusa gefen gado na miƙa masa katin, na faɗa masa komai. A raina na ce shi ke nan, na kashe aure na kashe miji. Ma'aikaciyar jinya tana tsaye tana jiran amsa.

Ya kawo katin kusa da idonsa, ya daɗe yana kallon hoton. Can ya ce, "Wannan hannun wa ne a kafaɗata?"

Ashe garin sauri almakashi bai cire yatsuna ba. Na ce, "Nawa ne, Baban Rahila. Na ranar aurenmu."

Hawaye ya gangaro masa. Ya juya ga ma'aikaciyar ya ce, "Ku kai ni."

Halleluya! An yi tiyata lafiya. Asusu ya ɗauki nauyin, muka cika ɗan abin da ya rage. Washegari Rahila ta tada inji, masu ƙosai suka jeru da bokitansu kamar ba abin da ya faru.

'Yan'uwa, ba kati ne ya warkar da mijina ba, Ubangiji ne. Amma Ubangijin da ya warkar, shi ya tanadi hanyar tun ciwon bai zo ba, ta hannun maƙwabta da dusar da muke takawa. Kada ku jira sai dillali ya shigo gidanku da sifana. Ku dogara gare shi, ku kuma riƙe hannun juna tun kuna da lafiya.

Yanzu duk yamma Baban Rahila da kansa yake share ƙarƙashin inji, ya ɗaure buhu, ya kai gidan Hajiya. Hoton aurenmu yana nan a bango da ramin da na yanka, ya hana a canza shi.

Godiya da ɗaukaka su tabbata ga Yesu. Amin.