Safiatou Tana Jin Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar, Alhaji Abdulai, da dattawan da ke tare da shi. 'Yan'uwanmu na Ghana da Najeriya da suka taso daga unguwannin Harlem da Flatbush har nan Parkchester. Hajiya Iyatu, mahaifiyar marigayi, da ke saurarenmu ta waya daga Maradi: Inna, ya haƙuri? Habsatou, matar ɗan'uwana, da 'ya'yanta Safiatou da Rashidu. Jama'a, sannunmu da rashi.

Ni ne Boubacar. Shekara goma teburin da nake kasa kaya yana manne da na marigayi Mukhtari a titin 125, kafin ya kama shago. Yau kwana bakwai da rasuwarsa, amma wallahi har yanzu kaina bai ɗauka ba.

Ranar Asabar da safe ya kira ni ta bidiyo daga wani dutse a Vermont, inda ya tuƙa iyalinsa awa biyar don yara su yi wasan zamiya a ƙanƙara kafin ta gama narkewa. Afrilu ne, ƙanƙarar ta yi caɓal kamar kunu. Ya ce, "Boubacar, dubi ɗan Maradi!" Ya yunƙura da dogayen katakon zamiyar nan a ƙafa, sai ga shi rigingine, yara na ta ƙyalƙyala dariya. Na ce, "Kai, girma ya kama ka, tashi kafin ka karya ƙugu." Azahar ba ta yi ba Habsatou ta kira ni. Ya zauna a benci yana ɗaukar yara a waya, ta kawo masa shayi, ta zaci gyangyaɗi yake, ashe ya cika. Shekara arba'in da huɗu, jama'a! Mutumin da ban taɓa ganin ya sha ko maganin ciwon kai ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya kasance in baƙo ya sauka garin nan ba shi da kowa, a falon Mukhtari zai fara kwana. Ya kasance mai yi mana tafinta a asibiti, ya rufe shago ya bi ka, ya kuma yi maka faɗa a hanya don ba ka zo da wuri ba. Ya kasance mai wanke mamatanmu. Ranar da muka wanke shi, sai muka tsaya muna kallon juna, domin shi ne kullum yake cewa a fara daga nan.

To, akwai maganar da ta fi wannan ci mini rai, kuma ba zan sauka ban faɗe ta ba.

Ranar sadakar uku muna zaune a falonsa, aka fara, "Me ya kai Bahaushe wasan ƙanƙara?" Wani ya ce, "Ai yarinyar nan ce ta dame shi. Da ta bar shi, da yanzu yana shagonsa." Ba zan kama suna ba, domin ni ma ina wurin, kuma da bakina na ce, "Ai kuwa." Safiatou tana tsaye a kanmu tana miƙo ruwa. Shekararta takwas. Ba wanda ya rage murya, don mun saba in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa.

Tun ranar ba ta ci abincin kirki ba. Jiya na je gidan, ta biyo ni har bakin lif ɗin sauka daga bene, ta riƙe mini hannun riga. Ta ce, "Baffa, ni na kashe Baba?" Da Hausa ta faɗa, tsaf, ba gargada. Tun da aka haife ta ban taɓa jin ta haɗa magana da Hausa ba, sai wannan. Na zauna a ƙasa. Na ce mata a'a, amma na ga ba ta yarda ba. A gaban mutane aka ɗora mata, saboda haka a gaban mutane zan sauke.

Safiatou, 'yata, ɗago kai ki dube ni. Ba ke kika kai shi ba. Tun watan Janairu babanki yake damuna da zancen tafiyar nan, kafin ke ki san da ita. Ya ce shi bai san komai game da ƙanƙara ba sai kwashe ta da shebur a ƙofar shago, yana so nasa 'ya'yan su san ana wasa da ita. Shi ya ari motata. Shi ya zaɓi ranar. Likita ya gaya wa mamanki a gabana cewa jijiyar zuciyarsa ta daɗe da toshewa, ko a shago yake ko a masallaci ko a cikin jirgin ƙasa, abin zai iya zuwa. Kwanansa ne ya ƙare. Malam Liman yana nan, ki tambaye shi. Abin da ya rage a wayarsa ke ce kina gangarowa, da muryarsa yana cewa, "Ku dube ta, ba ta faɗi ba!" Yana murna da ke Allah ya karɓe shi.

Mu ne muka yi laifi, ba ke ba. Ki yafe mana.

Habsatou, ki yi haƙuri da mu. Mun zo yi miki ta'aziyya, muka ƙara miki ciwo. Inna, jikokinki amana ne a wuyanmu, kuma daga yau za mu kula da bakinmu a gabansu.

Mun gode wa duk wanda ya taso, da matan da suka yi girki, da waɗanda suka je Vermont suka dawo mana da shi. Allah ya saka da alheri.

Allah ya jiƙan Mukhtari, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba Inna da Habsatou dangana, ya raya Rashidu. Ya Allah, abin da bakinmu ya sa a zuciyar yarinyar nan, mu ba mu iya cirewa, Kai ka cire mata.

A yi masa Fatiha.