Gidan da Ambaliya Ba Ta Taɓa Ba

A tashar jirgin ƙasa ta Nguru, wani falke Bakano da wani tsoho suna zaune a kan buhunan gyaɗa.

"Wani gidan sayarwa na je gani a Gashuwa, Baba," in ji falken. "Gani ɗaya tak, in na dawo sai da iyali."

"Me ka duba?"

"Katangun maƙwabta na fara bi. Kowacce da shatin ambaliya har gwiwa, amma wannan gida, ga kogi a gabansa, ko tabo babu. Wallahi wanda ya gina shi ya san kogin nan."

"Damina uku ya yi yana kafa turaku, yana kallon inda ruwa yake tsayawa."

"Ka san shi ke nan?"

Tsohon ya ce, "Ni ne. Ido ya tafi, 'yata za ta riƙe ni a Kano."

"Allahu akbar! Kai ne, Baba?"

"Mutum bakwai dillali ya kawo, duk azara suka ƙirga suka fita. Ka saya, ɗana. Yau zan hau jirgin nan da kwanciyar hankali."