Inna Ta Kira Sunana

Salamu alaikum Malam mai karanta mana wasiƙu, da kai da masu sauraro. Ni ne Ilyasu tela, mutumin Maraɗi, mazaunin unguwar Harobanda a ƙetaren kogi. Hankalina ne a tashe.

Tun da babanmu ya rasu Inna ta bar ci, ta bar magana. Rubutu, turare, babu wanda ba mu yi ba. Daga ƙarshe na tsallaka kogi da ita zuwa gidan likita. Lokotoron, wani Bature da bai koma gida ba bayan samun mulkin kai, ya ce akwai na'urar da ke taɓa ƙwaƙwalwa da wutar lantarki. Suka sa mata roba a baki, suka ɗora mata ƙarafa biyu a gefen kai. Jikinta ya yi ta karkarwa.

To Malam, ta tashi, har tana cin tuwo. Amma ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, sai "yaron nan". Jiya a gaban baƙi ta dube ni ta ce, "Ilyasu, zo ka ci abinci." Gwaggo ta saki kwano, ta ce, "Sun ƙone mata kunya!"

Lokotoro ya ce ba komai, in maido ta jibi a ƙara. In wuta ta ci kunya yau, gobe me za ta ci, Fatiha? In kuma na hana, ina tsoron ta koma shiru.

Jama'a, ku ba ni shawara. Don wallahi, Allah ya gafarta mini, ina so ta sake kira.