Fentin Ɗakin Gabas

A shagon mai fenti, wata tela ta daɗe tsaye gaban takardar launuka, yatsanta a kan shuɗi, hankalinta ya yi nisa.

"Mama, wannan shuɗin ya shiga ranki," in ji mai fenti.

"Shekara tara ina ganinsa a mafarki. Ɗan ɗaki mai taga ta gabas. In kafa kekena a gindin tagar, hantsi yana sauka a kan yadi, ba mai kirana."

"To me ya hana? Ginin ne bai ƙare ba?"

"Ya ƙare. Sati biyu da sa ƙofa, gobara ta cinye gidan wata tsohuwa 'yar cocinmu. Ita ce a ciki yanzu."

"'Yar'uwarki ce?"

"Ina! Da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ga ta da mita, gishirin miyata bai taɓa yi mata daidai ba."

"Ikon Allah! To yaushe za ta tashi?"

Telar ta shafa shuɗin.

"Wani lokaci in na ji tarinta, sai in kama kaina ina wannan tambayar. Sai in je in durƙusa. Da na ji Yesu ya ce a ɗauki gicciye a bi shi, na zaci wani babban abu ne a gaban jama'a. Ashe ɗaki ne."

"To, in sauko miki da shuɗin?"

Ta janye yatsanta a hankali.

"Ba ni kore. Ita kore take so."