Ajin da Babu Daƙiƙi

Ranar da makaranta ta aiko cewa za a kori jikarta Bibata, Gambi ta kai ta asibitin ido a Doso. Aka shiga da yarinyar, ita kuma ta zauna kusa da wani tsoho.

"Me ke damun 'yar taki, Iya?"

"Ta ce farar takarda na sukar idonta, baƙaƙen kuma suna musayar wuri."

"Su kwarkwata ne? Ni fa tsohon shugaban makaranta ne. A zamanina bulala ce maganin wannan ciwon."

"Suna warkewa, Malam?"

"Sarai. Mai kukan haske in durƙusar da shi a rana da littafinsa. Kafin jarrabawa babu daƙiƙi ko ɗaya a ajina."

"Sun iya karatun ke nan?"

"Sun dai daina zuwa. Har lambar yabo aka ba ni."

Gambi ta gyara kallabinta.

"Uban yarinyar nan ma haka malaminsa ya warkar da shi. Ya gudu haƙar zinariya, bara rami ya rufta da shi. Ita kam ba za a warkar min da ita haka ba."

Tsohon ya ce, "A wace makaranta ya yi?"

"Kwantar da hankalinka, Malam, irinku da yawa."

Bibata na nan a aji. Kullum da la'asar Gambi ke riƙe mata littafi a rumfa, ko da yake ita ba ta san baƙi ko ɗaya ba.