Bindiga ta Bakwai

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu masu unguwannin Hanwa da Zabi, malamanmu da fastocinmu, shugabannin mafarauta, 'yan uwana maƙera, da jama'ar da ta cika wannan fili na Samaru, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da aka ba wa mai baƙin hannu irina abin magana, yau bakina har kunne!

Ni ne Ridwan maƙeri. Maganata a kan bindigar toka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, da bututun da ake yi mata.

Abu na farko, zan tona wa kaina asiri. A shekarun baya na ƙera guda bakwai da bututun ruwa, irin wanda ake saye a kasuwar Sabon Gari. Kowacce sai na ɗaure ta a jikin mangwaro, na ja kunama da doguwar igiya daga bayan katanga. In ta yi ƙara ba ta fashe ba, sai in ce ta ci jarrabawa. Haka na gada, haka na yi, har ina cika baki.

Abu na biyu, ranar da aka kunyata ni, kuma na gode wa Allah da ita. Injiniya Susanna, mai koyar da ilimin ƙarafa a nan Samaru, ta zo karɓar ƙofar da na yi mata, sai ta ga guntun bututu a ƙasa, na gaya mata abin da nake yi da shi da yadda nake gwaji. Ta ce, "Baba, ara mini zarto." Ta yanka, ta ɗaga shi saitin rana, ta ce, "Leƙa." Jama'a, na leƙa, sai ga ɗinkin walda tun daga baki har gindi! Ta ce, "Fallen ƙarfe ne aka naɗe aka liƙe don ruwa, Baba, ba don wuta ba. Igiyarka harbin yau kaɗai ta gani. Kowane harbi yana ƙara buɗe ɗinkin nan, tsatsa tana ci ta ciki, kuma ranar da zai rabu, babu katanga tsakaninsa da fuskar mutum." Shekara talatin ina dukan ƙarfe, ranar nan ƙarfe ya rama. Gani ya kori ji.

Abu na uku, shi ne abin murna. Na bi waɗanda na ƙera wa gida-gida, na roƙa, na sha zagi, na karɓo shida. Ga su nan a kan tabarma, ga wasu goma sha tara da ku kuka kawo da hannunku. Madalla da ku! Madalla da mafarautan Zabi! Yau za mu yanka su a gabanku, su zama ƙafafun bencin makaranta.

Amma saura ɗaya, kuma ita ce ta hana ni sakat. Tana hannun aminina Sati, manomi a Shika, wanda muka yi kiwon awaki tare. Sau uku ina zuwa, sau uku yana cewa, "Ridwan, shekara biyar ba ta taɓa ba ni kunya ba, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa." Ranar Asabar za a buɗe farauta. Da hannun da zai harba ta yake riƙe garma, da shi yake ciyar da mutum tara, ni kuwa na ƙera abin da zai cire shi. Sati, in kana cikin taron nan, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba bindigar nake so ba, yatsunka nake so.

Tsaya, mene ne can baya? Ku buɗe hanya! Wancan mai jar hula da abu a nannaɗe cikin buhu, ai shi ne! Allahu Akbar! Taho, ɗan'uwa, bakin bindigar ƙasa, a hankali. Ajiye ta kusa da 'yan uwanta. Miƙo hannun nan in ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Cif!

Allah Ya tsare hannuwanmu da idanunmu, Ya sa albarka a gonakinmu da maƙerunmu, Ya mai da kowa gida da gaɓoɓinsa cikakku. Injiniya, ga zarto, da ta bakwai za mu fara.

Na gode.