Yadda Na Kori Ƙudan Zuma da Yawan Kulawa

Mai girma shugaban wannan taro; shugabar ƙungiyar masu kiwon zuma da mataimakanta; malamin gona, wanda ya yi haƙuri da mu wata huɗu cur; baƙinmu da suka cika motoci biyu don su ga gona da idonsu; 'yan ajinmu maza da mata; sauran jama'a, na kan kujera da na tsaye a inuwa: assalamu alaikum.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a madadin 'yan aji. Na san ba don na fi kowa iyawa ba ne. Mu goma sha takwas ne, kuma ni kaɗai ce ƙudan zuma suka tattara nasu-ya-nasu suka bar wa amya wayam. In kun ji na yi tuntuɓe a karatu, ku yi mini uzuri. Sai da na haura arba'in na riƙe alƙalami, kuma takardar nan da hannuna na rubuta ta.

Abu na farko, in faɗa muku gaskiyar abin da ya kawo ni. Ba zuma na zo nema ba, 'yata na biyo. Autata, wadda kuka gani ɗazu tana tarbar baƙi, ta ajiye aikin ofis mai fanka da kujera mai juyawa, ta ce a gonar nan za ta zauna. Hankalina ya tashi. Sau bakwai nake kiranta a wuni. Kin ci abinci? Sun harbe ki? Babu maciji? Rannan ta ce, "Mama, don girman Allah ki bar ni in numfasa." Daga ranar, sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Sati uku ban ji muryar 'yata ba. Sai na yi dabara irin ta tsofaffi: in an ƙi ɗaga wa uwa waya, ai ba a korar ɗaliba daga aji. Na zo na rubuta sunana.

Abu na biyu, abin kunyar. An ba kowa amya ɗaya, wato akwatin da ƙudan suke zama. Malam ya ce kada a buɗe sai bayan sati biyu. Na rubuta, har na ja layi a ƙasa. Washegari da sassafe ga ni a gona. Na ce leƙawa kawai zan yi. Na leƙa ran Lahadi, na leƙa ran Litinin, na leƙa ran Talata. Na ga wani baƙin danƙo a bakin murfi, na ce wace irin ƙazanta ce wannan, na sa wuƙa na kankare shi tas. Na ga ciyawa mai fure ta kewaye wurin, na ce maciji zai ɓuya, na nome ta ƙarƙaf, har da shara. A rana ta goma sha ɗaya na ɗaga murfi, ko ƙuda ɗaya babu.

Malam ya zo ya duba, ya ce, "Mama, danƙon da kika kankare, da shi suke toshe kafar iska. Ciyawar da kika nome, ita ce kasuwarsu. Ba ƙiyayya ta kore su ba, rashin sakewa ne." Autata tana tsaye a gefe, ta harɗe hannu. Ta dubi akwatin, ta dube ni, ta sake duban akwatin. Jama'a, da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abu na uku, abin da na koya, kuma baƙinmu su saurara. A gonar nan ba a ƙona busasshen ganye, ana rufe ƙasa da shi don ta riƙe danshi. Ba a feshi in fure ya buɗe. Ba kowace ciyawa ce abokiyar gaba ba. Mai kiwon zuma kuwa a gefe yake tsayawa, ba a bakin ƙofa ba. In ya ga suna dawowa da garin fure a ƙafafu, ya san ana ciyar da 'ya'ya a ciki, ba sai ya buɗe ba. Saboda haka in kun shiga zagaye, ku buɗe ido, ku buɗe kunne, ku mayar da hannu baya.

An sake ba ni wasu ƙudan. Kullum sai in tsaya a gefe, hannuna yana ƙaiƙayi, in rubuta a littafina: "Yau ban buɗe ba." Wayar ma na cusa ta ƙarƙashin filo, na yi mata irin wannan rubutun. A rana ta goma sha uku ta yi ƙara da kanta. "Mama, lafiya kuwa? Kwana biyu shiru." Tambayoyi bakwai suka taso mini a maƙogwaro, na haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta hira har kunnena ya yi zafi, kuma da bakinta ta faɗa mini abin da ta ci.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Yanzu haka akwai kwanon abinci a jakata. Amma ba zan ce wa autata ta ci ba. Zan ajiye shi a gefe, in koma baya.

Allah ya albarkaci wannan gona da masu aiki a cikinta. Allah ya ba mu damina mai albarka da fure mai yawa. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya, ba harbi ba kumburi. Mu kuma iyaye, Allah ya ba mu ƙarfin barin murfi a rufe, har na ciki su kira mu da kansu.

Na gode.